Victor Hensen: Likitan da ya ƙidaya abincin kifin teku

Duk wanda ya ga ruwan tafki ko na madatsar Challawa ya koma kore bayan damina, ya ga abin da Victor Hensen ya shafe rayuwarsa yana bincike a kai: ƙananan tsirrai da halittun da ke yawo cikin ruwa, waɗanda kifi ke rayuwa a kansu.

An haifi Hensen a garin Schleswig a shekarar 1835. Likitanci ya karanta, ya kuma zama farfesa a Jami'ar Kiel da ke arewacin Jamus, inda ya fara yin suna da binciken cikin kunnen ɗan Adam. Halin da masuntan gaɓar Tekun Baltik ke ciki ne ya karkato da hankalinsa ga ruwa. Tambayarsa irin ta manomi ce: nawa teku ke iya nomawa, kuma kifi nawa za a kama ba tare da an ƙarar da iri ba?

A 1887 ya raɗa wa waɗannan halittu suna filankton, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ke gararamba. Ya ƙera koma ta siliki mai ƙananan idanu, yana jawo ta daga ƙarƙashin ruwa zuwa sama, sannan ya ƙidaya abin da ta kamo da madubin ƙara girma.

A 1889 ya jagoranci ayarin masana cikin jirgin ruwa mai suna National, suka ratsa Tekun Atlantika daga kusa da Girinlan har bakin Kogin Amazon. Sakamakon ya saɓa wa zato: tekun arewa mai sanyi ya fi na wurare masu zafi yalwar filankton.

Shahararren masani Ernst Haeckel ya yi masa raddi mai zafi a 1890, yana ganin ƙidayar ɓata lokaci ce. Haeckel ya yi gaskiya cewa halittun ba su bazu daidai a ko'ina ba, amma masanan baya sun tabbatar da yalwar ruwan sanyi, suka kuma riƙi hanyar ƙidayar.

Hensen ya rasu a Kiel a 1924. Har yau da awo irin nasa ake lura da gaɓar teku da bakin koguna, inda takin zamani da ƙazantar birane kan sa gansakuka ta yi ambaliya, ta ruɓe, ta shanye iskar da kifi ke shaƙa.