Jean Robic: Gajeren makanikin keke da ya zama zakaran duniya na farko a tseren taɓo

Masu bibiyar tseren keke na lokacin hunturu a Turai sun saba da sunayen Mathieu van der Poel na ƙasar Holan da Wout van Aert na Beljiyam. Tun a 2012 suka fara haɗuwa a gasar duniya ta matasa, inda na farkon ya zo na ɗaya, na biyun ya biyo bayansa, kuma daga nan suka shafe shekaru suna ƙwace kambun manya daga hannun juna. Mutumin da ya fara ɗaukar wannan kambu, a shekarar 1950, wani Bafaranshe ne mai suna Jean Robic. Tsayinsa mita 1.61 ne, nauyinsa bai wuce kilo 60 ba, kuma masu zaɓen tawagar ƙasarsa sun taɓa ganin bai cancanci shiga cikinta ba.

Mene ne tseren taɓo?

Turawa na kiran wasan siklo-kuros. Ana yin sa daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, a kan gajeriyar hanya mai zagaye wadda a yau tsawonta ke tsakanin kilomita 2.5 da 3.5. Hanyar kan ratsa ciyawa da rairayi da taɓo da gangare, a wasu wurare kuma a gitta katako ko matakala, ta yadda dole mahayi ya diro, ya saɓa keken a kafaɗa ya ruga da shi, sannan ya sake ɗarewa ba tare da ya tsaya ba. Tseren manya kan ɗauki kimanin awa guda.

Wanda ya san tsofaffin wuraren haƙar kuza da ke kewaye da Jos da Bukuru a tsakiyar damina, da tudun ƙasa da kwazazzabai da jar laka mai santsi, ya riga ya ga irin filin da ake nufi. Bambancin kawai shi ne a Turai sanyi kan kai ruwa ya daskare.

A Faransa wasan ya samo asali. Wani soja mai suna Daniel Gousseau ne ya shirya gasar ƙasa ta farko a 1902. Da farko masu tseren titi sun ɗauke shi a matsayin hanyar riƙe ƙarfin jiki idan sanyi ya hana manyan gasanni, daga baya ya tsaya da ƙafarsa.

Tasowarsa

An haifi Robic ranar 10 ga Yuni, 1921, a kusa da garin Vouziers da ke yankin Ardennes. Mahaifinsa kafinta ne daga yankin Bretagne na yammacin Faransa, wanda aikin sake gina garuruwan da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rusa ya kai shi can. Daga baya iyalin suka koma gida, suka zauna a ƙauyen Radenac, inda uban ya buɗe shagon kekuna. A wannan shago yaron ya girma, tsakanin tayoyi da sarƙa da birki, ya san keke ciki da waje tun kafin ya fara tsere da shi.

A farkon 1940 ya tafi Paris ya kama aikin gyaran keke. Bayan 'yan watanni sojojin Jamus suka mamaye birnin. Cikin wannan hali na ƙarancin abinci da tsoro ya ci gaba da shiga ƙananan gasanni, har ya zama ƙwararren ɗan tsere a 1943.

Shekara guda bayan haka ya faɗi a tseren Paris zuwa Roubaix, wanda ya yi suna da hanyoyinsa na shimfiɗaɗɗun duwatsu, ƙoƙon kansa ya tsage. Tun daga ranar bai ƙara hawa keke don tsere ba sai da hular fata, a zamanin da abokan karawarsa ke fita da 'yar hular yadi ko kai a buɗe. Hular ta jawo masa laƙabin mai kan fata. Wasu kuma suna ce masa ɗan akuya, saboda ƙanƙantarsa da yadda yake haye dutse kamar ba komai. A 1945 ya ci gasar ƙasar Faransa ta tseren taɓo, a farkon 1947 kuma ya ci babbar gasar ƙasa da ƙasa da ake yi a Paris tun 1924, wadda a lokacin ita ce ke matsayin gasar duniya.

Gasar 1947

Tour de France, tseren da ke zagaye Faransa cikin makonni uku zuwa huɗu, ya tsaya tun 1939 saboda yaƙi. Da aka dawo da shi a 1947, an tsara shi bisa tawagogin ƙasashe da na yankuna. Masu zaɓen tawagar Faransa suka tsallake Robic. Sai ya shiga tawagar yankin yamma, wadda ba wanda ya sa mata ran komai. Kwanaki kaɗan kafin a tashi ya yi aure, kuma ana ba da labarin cewa ya yi wa amaryar alƙawarin kawo mata nasarar gasar a madadin dukiyar da ba shi da ita.

Tseren ya haura kilomita 4,600, an raba shi zango 21. René Vietto, gwanin da jama'ar Faransa suka fi so, shi ya riƙe riga mai ruwan ɗorawa, wato rigar jagoran gasa, a mafi yawan kwanakin. Robic ya ci zangon Strasbourg da na Grenoble, amma faci da tsaiko sun bar shi baya da mintuna masu yawa. A zangon Luchon zuwa Pau, cikin duwatsun Pyrénées, ya fice shi kaɗai tun da wuri. Ya riga kowa haye manyan tuddai huɗu, Peyresourde da Aspin da Tourmalet da Aubisque, ya isa Pau da tazarar fiye da minti 10. Tourmalet ya haura mita 2,100, wato ya ɗara duwatsun Shere da ke gabashin Jos, waɗanda ƙololuwarsu ke kusan mita 1,830.

Ana saura kwana uku a kammala, aka yi tseren agogo na kilomita 139, inda kowa ke fita shi kaɗai, a cikin yankin Bretagne. Vietto ya gaza, rigar ta koma hannun Pierre Brambilla na tawagar Italiya. Robic ya hau matsayi na uku, da ratar ƙasa da minti uku.

Bisa al'ada ba a cika kai wa jagora hari a zangon ƙarshe ba. Ranar 20 ga Yuli aka tashi daga Caen zuwa Paris. Da aka fita daga birnin Rouen aka kama hawan tudun Bonsecours, Robic ya taka feda ya tsere. Brambilla ya bi shi, ƙarfinsa ya ƙare. Édouard Fachleitner na tawagar Faransa ya kamo Robic, suka ci gaba tare da sauran nisan da ya haura kilomita 100. Marubuta tarihin gasar sun daɗe suna ruwaito cewa a kan hanya aka yi ciniki, Robic ya amince zai biya Fachleitner faran 100,000 don ya taya shi ja maimakon ya yi ƙoƙarin ƙwace nasarar. Briek Schotte na Beljiyam ne ya ci zangon, amma da aka haɗa lissafi Robic ne ya ɗauki gasar, da tazarar minti 3 da daƙiƙa 58 a kan Fachleitner. Brambilla ya faɗo na uku. Robic ya zama mutum na farko da ya ci Tour de France ba tare da ya sa rigar jagora ko da na yini ɗaya ba a tsawon tseren.

Kambun duniya

A 1950 Hukumar Tseren Keke ta Duniya, UCI, ta amince da gasar duniya ta tseren taɓo a hukumance. An yi ta farko a Paris, a dajin Vincennes. Robic ya zo na ɗaya, Roger Rondeaux na biyu, Pierre Jodet na uku, dukkansu Faransawa. Abin da ya ba shi galaba a taɓo shi ne abin da ya ba shi galaba a dutse: jiki marar nauyi, saurin dirowa da komawa kan sirdi, da taurin kai.

Kambun bai daɗe a hannunsa ba. Rondeaux ya karɓa a 1951 ya riƙe shekara uku, sannan wani matashi, André Dufraisse, ya ci sau biyar a jere daga 1954 zuwa 1958. Bayan zamanin Faransawa, wasan ya karkata zuwa Beljiyam, inda Eric De Vlaeminck ya ci sau bakwai tsakanin 1966 da 1973. Sai a 2025 van der Poel ya kamo wannan adadi.

Gaba da Bobet

Hausawa na cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya. Yankin Bretagne ya haifi wani gwarzon, Louison Bobet, ɗan mai gidan burodi, wanda Robic ya girme shi da kusan shekara huɗu. Bobet dogo ne, mai tsafta da iya magana da manema labarai, kuma shi ne ɗan lelen tawagar ƙasa. Robic kuwa mai zafin baki ne, ba ya ɓoye ƙorafi, kullum yana ganin ana yi masa maƙarƙashiya. Yakan yi wa Bobet ba'a a bainar jama'a, yana nuna cewa shi ne ɗan Bretagne na ainihi. Jama'a suka rabu biyu: masu son gogewar Bobet, da talakawan da ke ganin kansu a jikin gajeren mutumin da aka raina.

Robic ya ci gaba da zama abin tsoro a duwatsu. Ya zo na huɗu a 1949. A 1950 shi da Gino Bartali na Italiya suka yi karo suka faɗi a tudun Aspin cikin cunkoson 'yan kallo, wasu suka tsorata Bartali, kuma washegari 'yan Italiya suka janye daga gasar duk da cewa ɗansu Fiorenzo Magni ne ke sanye da rigar jagora. A 1952, ranar da aka fara hawan Alpe d'Huez a tarihin gasar, Robic ne ya fara kai hari kafin Fausto Coppi ya wuce shi. A wannan shekara ya ci zangon da ya ratsa dutsen Ventoux zuwa Avignon, ya kammala a matsayi na biyar.

Rashin nauyi yana taimaka masa wajen hawa, yana cutar da shi wajen gangara. A 1953 shi da shugaban tawagarsa suka ɓullo da dabara: aka cika gorar ruwa da dalma mai nauyin kusan kilo 10, a miƙa masa a saman dutse don keken ya ƙara gudu a gangare. A wannan gasa ya ci zangon Luchon, ya sa rigar jagora a tsakiyar tsere karon farko a rayuwarsa. Yini ɗaya ta yi a jikinsa. Washegari tawagar Faransa ta haɗa kai ta tura wasu gaba, rigar ta suɓuce. Kwana guda bayan haka ya yi mummunar faɗuwa a gangaren Fauredon, ya fita daga gasar. Bobet ne ya ci ta, ya sake ci a 1954 da 1955, ya zama na farko da ya ci sau uku a jere.

Faɗuwar rana

Jikin Robic ya sha karaya iri-iri, amma ya ƙi ajiye keke. Ya dawo Tour de France karo na 10 a 1959, yana da shekara 38. Ana dab da isa Paris, a zangon Chalon-sur-Saône, wani Bature ɗan Ingila, Brian Robinson, ya ci da tazara mai yawa, Robic ya iso bayan lokacin da aka ƙayyade, alƙalai suka cire shi. Ya yi ritaya a 1961, da nasarar zango shida a babbar gasar.

Rayuwa bayan tsere ba ta yi masa sauƙi ba. Ya riƙe wani gidan abinci a unguwar Montparnasse ta Paris, kasuwar ta durƙushe, auren ya mutu. Ya yi ƙananan ayyuka, har da alƙalancin wasan kokawa, kafin wani tsohon abokin sana'a ya ɗauke shi aiki. Ranar 6 ga Oktoba, 1980, yana dawowa daga wata liyafar tsofaffin 'yan tsere wadda Joop Zoetemelk, zakaran Tour de France na shekarar, ya halarta, motarsa ta yi haɗari a kusa da Claye-Souilly, gabas da Paris. Ya rasu yana da shekara 59, aka binne shi a Wissous.

Abin da tarihinsa ya bari

Robic ya kai inda ya kai ne saboda akwai matakai a ƙarƙashin tawagar ƙasa: shagon keke a ƙauye, ƙananan gasanni a kowane mako, tseren hunturu mai arha da ba ya buƙatar rufe manyan tituna, da tawagar yanki da ta karɓi wanda masu zaɓe suka tsallake. Da tawagar ƙasa ce kaɗai ƙofar shiga a 1947, da sunansa bai shiga tarihin gasar a shekarar ba.

Batun ya shafi Afirka a yau. Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya taso a Asmara, birni mai tsayin fiye da mita 2,300 inda tseren keke ya zama al'adar gari, ya ci zango uku da koriyar riga a Tour de France ta 2024. A Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar duniya ta tseren titi, karon farko a nahiyar. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, da sanyi da hawa da gangara, kuma tseren taɓo bai buƙatar fiye da fili mai kilomita uku, da igiyar shata hanya, da masu riƙe agogo. Sauran aikin na masu tsara kasafi da jadawalin gasannin matasa ne, a jiha da tarayya.

A kan tudun Bonsecours akwai dutsen tunawa da aka kafa wa Robic, a wurin da ya tsere wa Brambilla. A Radenac kuma, ƙauyen da ya koyi ɗaura sarƙa, an keɓe ɗaki don adana tarihinsa.