Imamu Gazali: Malamin Da Ya Yi Wata Shida Yana Cewa Sai Gobe

Godiya ta tabbata ga Allah mai jujjuya dare da rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

An haifi Hujjatul Islam Abu Hamid Muhammadu Al-Gazali, Allah Ya ƙara masa yarda, a garin Ɗus na ƙasar Khurasan, cikin Iran ta yau, a shekara ta 450 bayan hijira, daidai da 1058. Mahaifinsa talaka ne mai kaɗa zaren ulu yana sayarwa. Da ya ji ajali ya matso, sai ya danƙa ƴaƴansa biyu, Muhammadu da Ahmadu, ga wani amininsa sufi. Da ɗan abin da ya bari ya ƙare, sufin ya ba su shawarar shiga makarantar da ake ciyar da ɗalibai.

Masu tarihi sun ruwaito cewa yana dawowa daga karatu a Jurjan ƴan fashi suka tare ayarinsu, suka ƙwace har da jakar takardunsa. Ya bi su yana roƙo, shugabansu ya yi masa dariya, wai wane irin ilimi ne ake raba mutum da shi ta hanyar ƙwace jaka. Ya mayar masa da ita, amma maganar ta zauna masa a zuci. Da ya iso gida ya yi shekara 3 yana haddace abin da ya rubuta.

Daga nan ya tafi Naisaburi wurin Imamul Haramaini Al-Juwaini, ya lazimce shi har rasuwar malamin a 478. A 484 waziri Nizamul Mulk ya ɗora shi kan kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza, yana da shekara 34. Ɗalibai wajen 300 ke zama gabansa. Cikin ƴan sa'o'in da koyarwa da rubutu suka rage masa ya karance littattafan masana falsafa, ba tare da malami ba, a ƙasa da shekara 2, sannan ya yi musu raddi.

Wanda ya ga wannan himma ba zai ce mai ita ya san jinkiri ba. Amma da ya binciki niyyarsa sai ya tarar neman suna da ɗaukaka ne ke tura shi, ba neman yardar Allah zalla ba. Ya gane maganin shi ne barin kujerar, ya kuma kasa barinta. Kamar yadda ya bayyana a littafinsa Al-Munƙizu minad Dalal, tun daga watan Rajab na 488 ya yi kusan wata 6 yana kai-kawo. Da safe ya ɗaura niyyar fita, kafin maraice son duniya ya kwance ta. Shaiɗan kuwa yana raya masa cewa halin nan mai wucewa ne, in ya saki matsayinsa ba lalle ya sake samunsa ba.

Wannan shi ne ciwon da malaman tasawwufi ke kira taswifi, wato a yi ta cewa sai gobe. Yana kama malalaci, yana kuma kama mai ƙwazo, wanda zai cika yininsa da ayyuka goma don ya kauce wa guda ɗayan da ya fi wajaba a kansa.

Ana cikin haka Allah Ya ɗaure harshensa, ya zauna gaban ɗalibai ya kasa furta kalma, abinci ma ya daina karɓarsa. Likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Da dabara ta ƙare masa ya koma ga Allah da addu'ar wanda ya matsu, Allah Ya sauƙaƙa masa. A watan Zulƙida na shekarar ya rabar da dukiyarsa in ban da abin da zai riƙe iyali, ƙanensa Ahmadu ya maye gurbinsa, shi kuwa ya nufi Sham.

A Dimashƙa yakan hau hasumiyar masallacin Banu Umayya ya kulle ƙofa ya wuni cikin zikiri. Ya ziyarci Baitul Maƙdis, ya yi aikin hajji. Cikin shekarun halwar nan ya wallafa Ihya'u Ulumid Din, mai ɗauke da littattafai 40, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamanmu.

Maganin da ya ɗanɗana ya rubuta mana shi. Ya nuna tushen jinkiri dogon buri ne, maganinsa tuna mutuwa. Ya koyar da a yi sharaɗi da rai bayan sallar asuba kamar yadda ɗan kasuwa ke yi da abokin cinikinsa, a sa masa ido cikin yini, a yi masa hisabi kafin barci. A Bidayatul Hidaya kuma ya tsara wa ɗalibi yininsa tun daga farkawa har kwanciya, kowane lokaci da aikinsa.

A 499 ya koma koyarwa a Naisaburi da sabuwar niyya. Daga baya ya dawo Ɗus, ya gina makaranta da zawiya kusa da gidansa, ya raba lokacinsa tsakanin tilawa, koyarwa, zama da muridai da nazarin hadisi. Ya rasu ranar Litinin, 14 ga Jimada Sani, 505, daidai da 1111, yana da shekara 55.

Ya ɗan uwa, shekara 17 kacal ke tsakanin fitarsa daga Bagadaza da rasuwarsa, kuma bai san adadinsu ba ranar da ya fita. Mu ma ba mu san namu ba. Hausawa sun ce bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ko tuba ce kake ɗagawa, ko ramuwar wuridi, ko bashin maƙwabci, ko karatun da ka ajiye tun bara, ka sa masa lokaci yau, ka fara ko da kaɗan ne.

Allah Ya sa albarka cikin lokutanmu, Ya amfanar da mu da ilimin wannan bawa nasa. Amin.