Marigayi Abdu Mumuni Jofo, Malamin da Ya Sa Rana Aiki

Mutumin Badagishiri ko Illela in tafiya ta kai shi Malbaza, yana iya ganin wani fili da aka jere da allunan kama hasken rana. Tashar lantarki ce mai ƙarfin megawat 7, wadda aka buɗe a 2018. Amma tun kafin ta da shekara hamsin wani ɗan ƙasa ya fara aikin sa ranar Nijar ta yi wa talaka bauta, watau Malam Abdu Mumuni Jofo.

An haife shi a Tasawa ran 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, sa'an nan ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, daga can sai Paris. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin kimiyyar fizika, abin da ba a saba gani ba ga baƙar fata a lokacin. Da ya so, da ya zauna can cikin daula. Sai ya komo koyarwa a Dakar, kuma da Gine ta zaɓi ƴancin kai a 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, yana cikin waɗanda suka tafi Konakiri don kada makarantu su mutu.

A cikin aji ne ya gane inda gizo ke saƙa. Makarantar da Nasara ya kafa magatakarda da tafinta take fitarwa: yaro ya haddace, ya maimaita, ya sami takarda, ya raina fartanyar ubansa. A littafinsa L'Éducation en Afrique, wanda ya fito a 1964, ya gwada wannan da tarbiyyar gargajiya, inda ɗan maƙeri ke koyo a bakin zuga, ɗan masaƙi a gindin masaƙa, ilmi da aiki ba su rabuwa. Bai ce a koma jiya ba, domin ya san gargajiya ma tana da iyaka. Abin da ya nema shi ne a koyar da yara da harsunansu, a yaƙi jahilci cikin manya, a kuma haɗa makaranta da gona da sana'a. Hujjarsa a fili take: mai fama da baƙon harshe ƙarfinsa a hadda yake ƙarewa, ba ya saura da na tambaya, balle na ƙago sabon abu.

Malamai da yawa sukan tsaya ga rubutu. Shi kuwa ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙware kan ƙarfin rana, ya shugabanci ɗakin bincike a Bamako daga 1964, sa'an nan ya dawo gida a 1969 ya riƙe ofishin ONERSOL a Yamai har 1985. A nan aka ƙera na'urorin ɗuma ruwa, da na tace shi, da na busar da amfanin gona, da murhun dafuwa ba itace. Dabarar ba boyayya ba ce: baƙin ƙarfe yana shan zafi, gilashi ya tsare shi, madubi mai lanƙwasa kuma ya tara haske wuri guda. Har injin mai aiki da zafin rana aka haɗa tare da wani kamfanin Jamus. Ma'aikata ƴan ƙasa ne suka riƙa yanka ƙarfen suna walda, kuma wannan shi ne makarantar da ya bayyana a littafinsa.

Ba duka aka ci nasara ba. Na'urar ɗuma ruwa ta hau rufin gidaje da ma'aikatu a birni, amma murhun bai shiga madafin ƙauye ba: da tsada, ga shi uwargida da yamma take tuƙa tuwo, sa'ad da rana ta yi sanyi. Itace dai aka ci gaba da sara.

Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991, a shekara ta gaba aka sa wa jami'ar sunansa. Allunan Malbaza kuwa, waɗanda ke mai da haske lantarki kai tsaye, daga ƙasashen waje aka kawo su.