Antoni van Leeuwenhoek, mai sayar da yadin da ya auna ƙwayar jini da rairayi

An haifi Antoni van Leeuwenhoek ranar 24 ga watan Oktoba 1632 a garin Delft na ƙasar Holand. Bai yi jami'a ba, bai kuma iya Latin ba, harshen da masana ke rubutu da shi a zamanin. Yana da shekara 16 aka kai shi Amsterdam koyon cinikin yadi, daga baya ya koma Delft ya buɗe shagonsa.

Da hannunsa yake goge ƴan mitsitsin gilasai, wasunsu na ƙara girman abu fiye da sau 200. Da su ya ga jajayen ƙwayoyin jini da ƙananan halittun cikin ruwa. Sai dai ganin abu daban, sanin girmansa daban, kuma ba shi da ma'aunin da zai yi aiki a wannan ƙanƙanta. Don haka ya riƙa kwatantawa da abin da kowa ya sani: rairayi, silin gashi, ƙwayar gero. A lissafinsa, in aka jera ƙwayoyin jini 100 ba za su kai faɗin ƙwayar rairayi mai kauri guda ba. Yau an san faɗin ƙwayar jini mikiron 7 zuwa 8 ne, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Bai yi nisa da gaskiya ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da a 1669 ya samu shaidar aikin awon filaye.

Matsalar tasa tana nan har gobe. Hoton da kamara ke ɗauka ta madubin likita ba ya faɗin girman ƙwaya. Sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya fara ɗaukar hoton wani gilashi mai zanen ma'auni, ya ƙirga ɗigon hoto nawa ke daidai da mikiron guda, in ya canza gilashin hange kuma ya sake awon.

Da ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan labarin ƙananan halittun a 1676, ba su gaskata ba. Sai da ya haɗa da shaidar limaman coci, Robert Hooke kuma ya gani da idonsa a 1677. A 1680 suka karɓe shi mamba.

Ya rasu ranar 26 ga watan Agusta 1723 yana da shekara 90. Ya bar wa ƙungiyar madubai 26, waɗanda daga baya suka ɓata.