Baba Mutuniyar Karo da Renon 'Ya'yan Wasu

An haifi Baba wajen shekarar 1877 a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa a ƙasar Kano, dab da iyakar Zazzau. Danginta Barebari ne, manoma kuma malamai. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma da yake ungozoma ce, 'ya'yan mutane da dama a hannunta suka faɗo duniya, wasu kuma a ɗakinta suka tashi. A Giwa ne Mary Smith ta zauna da ita tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta tarihinta daga bakinta.

Manazarta sun fi komawa ga labarinta domin bauta da aure da bori. Ba a cika lura da abin da ta bayyana game da shaƙuwar yaro da mai renonsa ba. A 1951 likitan Ingila John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto cewa yaron da ya rasa kulawar uwa, ko ta wadda ta tsaya a madadinta, yana iya tashi da tabo a zuciya. Gidan da Baba ta siffanta kuwa, al'ada ce da kanta ke shiga tsakani: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a idon mutane, bayan yaye kuma kaka ko goggo ta ɗauke shi riƙo. Ga kuma mahara da ke kwashe mata da yara sai an fanso su.

Duk da haka ba a bar yaro haka nan ba. Akwai wasan kaka da jika, da ƙawance, da waƙoƙin 'yan mata, waɗanda Baba ta riƙe a ka har ta haura saba'in. Masu jinyar yara a yau ta hanyar zane da kiɗa da wasan kwaikwayo suna neman yaro ya fitar da abin da bakinsa ya kasa faɗa, a gaban babban da ya amince da shi. Kamannin a fili yake, ko da yake ganganci ne a kira dandali asibiti, kuma ba kowane ɗan riƙo ne ya dace da hannu irin nata ba.

Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito da Turanci a 1954, ba ta gan shi ba.