Muhammadu Alkashnawi: Bakatsinen da ya koyar da lissafin hatimi a Alƙahira

A shekarar 1154 ta Hijira, daidai da 1741, wani malami Bafillace daga ƙasar Katsina ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shehu Hasan Aljabarti, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi da falaki na Masar a wancan zamani. Ya bar wa mai masaukin nasa wasiyyar kula da littattafansa da dukiyarsa, shi kuma ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, a ɓangaren malamai.

Sunansa Muhammad ibn Muhammad Alfulani Alkashnawi. Mai masaukin nasa ɗalibinsa ne, domin a wurinsa ya ɗauki ilimin aufaƙ, wato ilimin tsara hatimi. Ɗan wannan mai masauki, Abdurrahman Aljabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuma saka tarihin Bakatsinen a cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Daga can ne aka samo mafi yawan abin da ake faɗa game da rayuwarsa.

Daga hadda zuwa ƙa'ida

Alkashnawi ya taso a Katsina da ta riga ta yi suna a harkar ilimi tun zamanin Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17. Cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu Alwali, wanda ake dangantawa da Borno da Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu.

Ya shafe kimanin shekara huɗu tare da Shehu Fodu, a gida da kan hanyar tafiya, yana karatun adabi da nahawu da sarfu. Malamin ya raɗa masa laƙabi biyu, ɗaya bayan ɗaya. Da farko ya kira shi ma'abocin Maƙamat, saboda yadda ya haddace wannan littafin adabi mai tsauraran kalmomi: idan aka ambaci kalma guda daga ciki, nan take zai kawo abin da ya gabace ta. Duk wanda ya yi karatun allo ya san bambancin. Ci gaba daga inda aka tsaya abu ne mai sauƙi, amma komawa baya sai wanda karatu ya zauna masa daram.

Daga baya malamin ya sauya, ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban limamin nahawun Larabci. Laƙabin farko na mai riƙe kalmomi ne, na biyu kuwa na wanda ya gano dokar da ke ɗaure kalmomin. Wannan tafiya daga hadda zuwa ƙa'ida ita ce ta bayyana a sauran ayyukansa.

A wurin Shehu Bindu ya ɗauki hisabi, da ilimin sanin lokuta, da ilimin haruffa da hatimi, bisa tsarin malaman Magrib.

Daga nan ya kama hanyar gabas, yana ratsa dauloli yana ganawa da sarakuna da malamai. Ya yi aikin Hajji a 1142, wato 1730, ya zauna a Makka, inda ya fara rubuta Addurrul Manzum, littafi kan ɗalasimai da taurari. Ya kammala shi a Alƙahira a watan Rajab na 1146.

Abin da ke cikin hatimi

Littafin da masana tarihin lissafi suka fi saninsa da shi shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta a farkon shekarun 1730. A cikinsa ya yi bayanin hanyoyin gina hatimi mai adadin gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai da sauransu.

Matsalar ita ce a jera lambobi a gidajen ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya. A hatimi mai gida tara jimlar 15 ce. A mai gida 25 kuma 65 ce.

Mai son ya yi ta lalube zai sha wuya. Ana iya jera lambobi 1 zuwa 9 a gida tara ta hanyoyi 362,880, amma takwas kaɗai ke dacewa, su ma ɗin hatimi guda ne da aka jujjuya. Idan gidajen suka kai 25, rayuwar mutum ba ta isa ya gwada ko ɗan abin da ba a rasa ba.

Ga ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin masana lissafin Musulmi, irin waɗanda Alkashnawi ya tattara ya warware. A rubuta 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. A riƙa sauka gida ɗaya a karkace zuwa dama ana rubuta lamba ta gaba. Idan aka faɗa waje ta ƙasa, sai a ɓullo ta sama, idan aka fita ta dama, sai a shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu da baki. Duk lokacin da aka cika lamba uku, sai a sauka gida biyu a tsaye, a ci gaba. A ƙarshe layin sama zai zama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Wannan doka ita ce dai za ta cika mai gida 25, sai dai a can ana yin tsallen ne bayan kowace lamba biyar.

Ya kuma yi bayanin wasu hanyoyin da ake bin tafiyar doki ta darar shaɗaranji. Ba shi ya ƙirƙiro wannan fanni ba, domin masana irin su Abul Wafa Albuzjani sun yi rubutu a kai tun ƙarni na 10. Aikinsa shi ne jera hanyoyi daban-daban na isa wuri guda, da koyar da su ta yadda ɗalibi zai iya yi da hannunsa.

Masu nazarin tunanin ɗan Adam na zamani sun bayyana dalilin da ya sa irin wannan ke aiki. A 1956 George Miller na Amurka ya nuna cewa abubuwan da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda ba su wuce wajen bakwai ba, kuma gwani yana shawo kan wannan ne ta hanyar dunƙule ƙananan abubuwa su zama curi guda. A 1973 William Chase da Herbert Simon sun gwada gwanayen shaɗaranji: suna tuna tsarin wasa na gaske da kallo ɗaya, amma idan aka watsa 'ya'yan darar barkatai, fifikonsu a kan ɗan koyo kusan ɓacewa yake. Gwanintar tana cikin tsarin da suka saba gani shekara da shekaru. Haka mai ƙa'idar hatimi: ba ya ɗauke da lamba 25 a ka, doka uku kawai yake riƙe da su.

Fuska biyu

Ba daidai ba ne a mayar da Alkashnawi farfesan lissafi irin na yau. Ya yi imani da asirin haruffa da lambobi, ya rubuta kundi guda a kan ɗalasimai, kuma malamai da dama, tun daga Ibn Khaldun har zuwa yanzu, suna sukar wannan fanni. Addurrul Manzum, wanda aka buga a Alƙahira a ƙarni na 20, ya fi yawo a hannun masu neman asiri.

Sai dai mutumin nan shi ne ya tsara waƙar ilimin mandiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, ya kuma yi mata dogon sharhi, sannan ya rubuta Bulugul Arab kan nahawu. Harshe, da dokokin kafa hujja, da lissafi duk sun haɗu a hannunsa. Lissafin da ke cikin hatimin kuwa ba ya buƙatar a yarda da wani asiri, kowa na iya tarawa ya gani. Ta wannan fuska ce Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kansa a 1967, Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga duniya a littafinta Africa Counts a 1973, daga baya kuma Jacques Sesiano na Suwizalan ya yi nazarin hanyoyinsa da Faransanci.

Abin da ya shafi Hausawan gabas

Niyyar Hajjin da ta fitar da shi daga Katsina ita ce ta kawo kakannin Hausawa da Fulani da yawa bakin Shuɗin Nilu. Wasu sun zo da ayarin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu sun tsaya noman auduga bayan buɗe aikin ban ruwa na Jazira a 1925, jikokinsu na nan a ƙauyuka da kanabi.

An daɗe ana kallon 'ya'yan waɗannan ƙauyuka a matsayin 'yan ƙwadagon gona kawai, kuma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba miliyoyin yaran Sudan da aji. Ya kamata yaron da ke karatu a halwa ya ji cewa wani da ya fara da allo irin nasa ya zaunar da babban masanin Masar ya koya masa lissafi.

Darasin ma ba ya neman littafi ko lantarki. Malami ya zana gida tara a ƙasa, ya bar yara su yi ta gwaji har su gaji, sannan ya ba su doka ukun nan. Idan sun cika, ya zana musu mai gida 25, ya ce kowane layi 65 ake nema.