Frederick Douglass: Bawan da ya tilasta wa Amurka faɗin dalilin yaƙinta

Ranar 10 ga Agustan 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, wani baƙar fata ɗan shekara 45 ya shiga Fadar White House ya zauna gaban Shugaba Abraham Lincoln. Ƙorafi uku ya kai: ana biyan baƙaƙen sojoji albashi ƙasa da na farare, ba a ba su muƙamin hafsa, kuma 'yan tawayen Kudu na barazanar kashe duk wanda suka kama daga cikinsu ko su mayar da shi bauta. Shekara 25 kafin wannan rana, mutumin dukiyar wani ne a dokar jihar Maryland, ana lissafa shi cikin gado tare da dawaki da shanu. Sunansa Frederick Douglass, kuma rayuwarsa ta ratsa zamani uku: na bauta, na yaƙin da ya rushe ta, da na koma-bayan da ya biyo baya.

Haihuwa a cikin ƙangi

An haife shi a Fabrairun 1818 a gundumar Talbot ta jihar Maryland, aka sa masa suna Frederick Bailey. Mahaifiyarsa, Harriet Bailey, baiwa ce da ke aiki a wani gandu mai nisa. Sau kaɗan ya gan ta, ta kuma rasu yana ƙarami. Kakarsa Betsy ce ta raine shi. Mahaifinsa farar fata ne, amma doka ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, don haka aka haife shi bawa.

A 1826 aka tura shi Baltimore, gidan Hugh Auld. Matar gidan, Sophia, ta fara koya masa baƙaƙe, sai mijin ya hana, bisa hujjar cewa karatu na ɓata bawa. Yaron ya ji, ya kuma gane inda ƙarfin iyayengijinsa yake. Daga nan ya riƙa ba yaran unguwa farare burodi suna nuna masa karatu, yana kwaikwayon haruffan da kafintoci ke rubutawa jikin katako a wurin ƙera jiragen ruwa.

Yana ɗan shekara 16 aka miƙa shi ga Edward Covey, manomin da ya yi suna wajen horar da bayi masu taurin kai. Wata shida ana dukansa, har ranar da ya tsaya ya yi kokawa da Covey kusan awa biyu. Mutumin bai sake ɗaga masa bulala ba. Yunƙurinsa na farko na gudu, a 1836, ya ƙare a gidan yari. Aka mayar da shi Baltimore, ya koyi sana'ar toshe ɓarakar jiragen ruwa, har ya kai yana murgu: ya nemo aiki da kansa, ya kawo wa ubangidansa dala uku duk mako.

Ranar 3 ga Satumban 1838 ya sa kayan ma'aikatan jirgin ruwa, ya ari takardar shaidar wani baƙar fata ɗa, ya hau jirgin ƙasa. Anna Murray, 'yantacciyar mace mai aikatau a Baltimore, ita ta taimaka masa da kuɗin tafiya. Kafin kwana guda ya cika yana New York. Suka yi aure, suka koma New Bedford a jihar Massachusetts, inda ya ɗauki sunan Douglass don ɓad da sawu.

Murya da alƙalami

A 1841, a wani taron masu adawa da bauta a tsibirin Nantucket, aka nemi ya ba da labarinsa. William Lloyd Garrison, editan jaridar The Liberator, yana wurin, kuma nan take ƙungiyar ta ɗauke shi mai jawabi. Fasaharsa ta jawo masa matsala, domin masu sauraro sun fara tababar cewa mai irin wannan magana ya taɓa zama bawa. Amsarsa ita ce littafin tarihinsa na 1845, wanda ya ambaci sunayen iyayengijinsa da gandayensu da abin da kowa ya aikata. Littafin ya tona asirin bauta, ya kuma tona inda marubucin yake. Dole ya tsallaka zuwa Ireland da Birtaniya, ya yi kusan shekara biyu yana jawabai, har magoya bayansa a can suka tara fam 150 suka fanshe shi daga iyalin Auld.

Da ya dawo ya kafa jaridarsa, The North Star, a Rochester cikin Disamban 1847. A 1848 ya halarci taron 'yancin mata na Seneca Falls, ya mara wa ƙudurin ba mata ƙuri'a baya. Sannu a hankali ya raba gari da Garrison. Garrison na ganin kundin tsarin mulkin Amurka yarjejeniya ce da masu bayi, don haka a ƙaurace wa zaɓe. Douglass ya karkata ga cewa kundin makami ne da za a iya juya wa masu bayin, kuma wanda ya bar fagen siyasa ya bar wa abokin gaba fili.

Shekarun da suka biyo sun gwada wannan ra'ayi. Dokar 1850 ta wajabta wa 'yan Arewa taimakawa wajen kamo bayin da suka gudu. A 1857 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dred Scott, ta yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. A 1859 abokinsa John Brown ya gayyace shi farmakin rumbun makamai na Harpers Ferry. Douglass ya ƙi, yana ganin tarko ne da babu mai fita. Aka rataye Brown, shi kuma ya tsere Kanada don kada a haɗa da shi.

Yaƙin da aka ƙi ambaton dalilinsa

Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan huɗu a Amurka, kuma audugar da suke nomawa ce kan gaba a kayan da ƙasar ke fitarwa. Da Lincoln ya ci zaɓe a Nuwamban wannan shekara bisa alkawarin hana bauta yaɗuwa zuwa sababbin yankuna, jihar Carolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba, har jihohin da suka ɓalle suka kai 11. Takardun ɓallewar Carolina ta Kudu da Mississippi da Georgia da Texas duk sun ambaci kare bauta ƙarara. Ranar 12 ga Afrilun 1861 aka buɗe wuta kan sansanin Fort Sumter.

Gwamnatin Lincoln ta ce don haɗa kan ƙasa kawai take yaƙi. Tana tsoron jihohin kan iyaka huɗu masu bayi, ciki har da Maryland, kada su bi Kudu. A 1861 Lincoln ya soke umarnin Janar John Frémont na 'yanta bayin 'yan tawaye a Missouri, a 1862 kuma ya gana da wasu shugabannin baƙaƙe ya ba su shawarar ƙaura daga ƙasar. Douglass ya ragargaje shi a jarida. Hujjarsa ta soja ce kafin ta zama ta ɗabi'a: bayi ne ke noma abincin dakarun Kudu, su ke haƙa musu ramuka, saboda haka duk wanda ya ƙi taɓa bauta yana ciyar da abokin gabarsa ne.

Ranar 1 ga Janairun 1863 Lincoln ya sa hannu kan shelar 'yanta bayi. Ta shafi yankunan tawaye ne kawai, ta bar bayin jihohin kan iyaka, amma ta buɗe wa baƙaƙe ƙofar shiga soja. Douglass ya shiga gari-gari yana nemo matasa ga runduna ta 54 ta Massachusetts, kuma 'ya'yansa biyu, Lewis da Charles, na cikin na farko da suka ba da suna. A 'yar'uwarta, runduna ta 55, akwai Nicholas Said, haifaffen Kukawa a ƙasar Borno, wanda aka sayar da shi ta hanyar Sahara yana yaro kafin ƙaddara ta kai shi Amurka. Ranar 18 ga Yulin 1863 runduna ta 54 ta jagoranci farmakin Fort Wagner, ta yi asara mai yawa.

Amma ana biyan baƙin soja dala 10 a wata, a cire uku kuɗin kaki, alhali farar fata na karɓar 13. Wannan ne ya kai Douglass fadar shugaban ƙasa. Lincoln ya saurare shi, ya nemi a yi haƙuri, bai yi alkawarin gaggawa ba. Sojojin da kansu suka ƙi karɓar albashin fiye da shekara guda, sai a Yunin 1864 Majalisa ta daidaita shi. Kafin yaƙin ya ƙare, baƙaƙe kusan 180,000 sun yi aikin sojan ƙasa. Janar Robert E. Lee ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilun 1865, bayan mutuwar sojoji aƙalla 620,000. Kwana biyar bayan haka aka harbe Lincoln.

Tsugunne ba ta ƙare ba

Wasu abokan gwagwarmayarsa, ciki har da Garrison, sun ce aiki ya kammala. Douglass ya ƙi yarda, yana cewa mutumin da ba shi da ƙuri'a yana hannun wanda ke da ita. Jihohin Kudu suka gaskata shi cikin watanni, da dokokin da suka halatta kama baƙar fata marar takardar aiki a ba da hayarsa ga mai gandu. An yi wa kundin tsarin mulki gyara uku: na 13 a 1865 ya haramta bauta, na 14 a 1868 ya ba da zama ɗan ƙasa da daidaito gaban doka, na 15 a 1870 ya hana tauye ƙuri'a saboda launin fata. A 1870 Hiram Revels na Mississippi ya zama baƙar fata na farko a Majalisar Dattawa.

Tarihin Douglass a wannan zamani yana da tabo. Ya goyi bayan gyara na 15 duk da ya bar mata a waje, abin da ya ɓata tsakaninsa da Elizabeth Cady Stanton da Susan B. Anthony. A 1874 ya karɓi shugabancin bankin 'yantattun bayi ba tare da sanin cewa fararen daraktocinsa sun riga sun rabar da kuɗin a basussuka marasa jingina ba. Ya zuba dala 10,000 tasa, bankin ya rushe cikin watanni, masu ajiya sama da 60,000 suka shiga asara. A 1877, shekarar da Shugaba Rutherford Hayes ya janye kariyar soja daga gwamnatocin Kudu na ƙarshe bayan cinikin da ya warware rikicin zaɓen 1876, Douglass ya karɓi muƙamin babban jami'in zartar da umarnin kotu na birnin Washington daga hannun Hayes ɗin. A 1879 ya soki ƙaurar dubban baƙaƙe zuwa Kansas, har aka yi masa ihu a taruka. Masu sukarsa suka ce muƙami ya sanyaya masa harshe.

Ƙarshen rayuwarsa ya ba su amsa. A 1883, da Kotun Ƙoli ta rushe dokar 'yancin jama'a ta 1875, ya fito ya yi tir da hukuncin. Ya ajiye muƙamin jakadan Amurka a Haiti a 1891 bayan yunƙurin ƙasarsa na matsa wa Haiti ta ba da tashar ruwa ta Môle Saint-Nicolas. Ya haɗa kai da matashiyar 'yar jarida Ida B. Wells, wadda ke tattara alƙaluman kisan gilla da gungun farare ke yi wa baƙaƙe. Ya rasu ranar 20 ga Fabrairun 1895 a gidansa da ke Washington, sa'o'i bayan dawowa daga taron ƙungiyar mata. Aka binne shi a Rochester.

Abin da ya rage

Shekara guda bayan rasuwarsa, Kotun Ƙoli ta halatta wariyar launin fata a shari'ar Plessy. Jihohin Kudu ba su soke gyara na 15 ba. Zagaye shi suka yi da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da ta'addanci. A Louisiana, baƙaƙe masu rajistar zaɓe sun haura 130,000 a 1896. A 1904 saura 1,342. Sai a 1965, shekara ɗari bayan yaƙin, dokar kare ƙuri'a ta maido da abin da aka rubuta a 1870, kuma a 2013 Kotun Ƙoli ta cire mata wani babban ginshiƙi. Gyara na 13 kansa ya bar ƙofa, domin ya halatta aikin tilas a matsayin hukuncin laifi, kuma ta nan aka shigo da hayar fursunoni ga gandaye da ma'adinai.

Yaƙinsa na ƙarshe a kan tarihi ne. Tun 1871, a maƙabartar sojoji ta Arlington, ya gargaɗi Amurkawa cewa sulhu ba zai zama hujjar daidaita waɗanda suka yi yaƙi don bauta da waɗanda suka yi yaƙi don kawar da ita ba. Duk da haka labarin tsofaffin 'yan tawaye, cewa 'yancin jihohi suka kare, ya shiga littattafan makaranta, aka kafa gumakan janar-janar ɗinsu a dandalin birane. Kan ɗaya daga cikinsu, na Lee, aka yi zanga-zangar Charlottesville ta 2017 da ta ci ran wata mata. A 2021 ne Amurka ta mayar da 19 ga Yuni, ranar tunawa da ƙarshen bauta, hutun ƙasa.

Douglass ya ga an rubuta 'yancin mutanensa a kundin tsarin mulki yana ɗan shekara 52, ya kuma yi sauran shekara 25 na rayuwarsa yana kallon yadda kotu da majalisun jihohi da jam'iyyarsa ta Republican ke barin sa ya zube. Har ya rasu bai daina zuwa taro ba, bai daina rubutu ba, a waɗannan shekarun kuma bai taɓa ba matasa shawarar su ƙaurace wa akwatin zaɓe ba.